Fijo 504 ta marigayi Baba: wace inshora ce ta dace da tsohuwar mota?

Ɗan_Taura84:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 salun, fara, ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Sabuwa ya saye ta lokacin yana hedimasta, kuma har ya bar duniya bai taɓa yarda an ɗora mata buhu ko akuya ba. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a gindin darbejiya, tayoyi suka sace, ɓera ya cinye wayoyi. Bara na ɗauke ta zuwa Kano, aka sauke inji, aka yi fenti, aka ɗinka kujeru, kusan miliyan biyu da rabi suka tafi. Yanzu ba ta fita sai Juma'a, ko Sallah, ko ɗaurin aure. Da na je sabunta takardu an haɗo mini da inshorar dubu 15. Na tambayi yaron da ya yi mini, idan ta ƙone ko aka sace ta za a biya ni? Sai ya ce "in sha Allahu". Hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san harkar ya taimaka mini.

Abu_Gumel:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. A'a, ba za a biya ka ba. Ta dubu 15 ba ta motarka ba ce, ta wanda ka yi wa ɓarna ce. Ka daki motar wani, ko katangarsa, ko ka ji masa rauni, shi za a biya. Kai ko madubi ba za su saya maka ba.

Maman_Ilham:
Maganar Abu haka take. Na yi shekara tara ina aikin inshora a Kano kafin na bari, bari in ɗan faɗaɗa. Wadda aka ba ka ita ce inshorar dole, doka ce ta wajabta ta a kan duk motar da ke hawa titi. A da dubu 5 ce, daga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da ita dubu 15 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a biya na dukiyar wani daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Sama da ita akwai wadda ke ƙara gobara da sata. Sama da wannan kuma sai cikakkiya, wadda ko kai ka faɗa rami da kanka za a gyara maka. Ita cikakkiyar, hukumar ta ce kuɗinta na shekara kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar motar. Ka ga idan ka ce motarka ta miliyan uku ce, dubu 150 ke nan duk shekara, mafi ƙaranci.

Amma Malam, matsalarka ba a nan take ba. Ko ka rubuta miliyan uku, ranar da abu ya faru mai kiyasin asara zai zo ne ya tambaya, nawa ake sayar da 504 ta 1984 a kasuwa yau? Da wannan za su biya ka, ba da abin da ka kashe ba. Kuma kamfanoni da yawa da sun ji shekarun mota sai su ce ba sa yi mata cikakkiya sam.

Ɗan_Taura84:
Hajiya na gode. Wato sai in riƙa biyan kuɗin miliyan uku, su kuma su biya ni kuɗin gwangwan?

Maman_Ilham:
Zai iya faruwa, in dai ba ku daidaita a kan ƙima tun farko ba. Abin da za ka nema shi ne a rubuta a cikin takardar cewa kai da su kun amince motar nan ƙimarta kaza ce, kuma idan ta salwanta gaba ɗaya wannan adadin za a biya, ba farashin kasuwa ba. Ba a baki ba, a rubuce, da sa hannu da hatimi.

Sadiq_Wudil:
Ni fa a ganina ɓata kuɗi ne. Motar da ke fita sau huɗu a wata? Dubu 150 sau goma miliyan ɗaya da rabi ne. Ka riƙa ajiye kuɗin a gefe, ko ka sayi tumaki, ranar da ta lalace ka sayar ka gyara.

Tsohon_Direba:
Allah sarki 504. Yaro ka tuna mini da ƙuruciya. Shekara goma sha bakwai na yi ina jan wagon tsakanin Kano da Haɗeja, ta Gezawa da Ringim, lokacin da hanyar nan in damina ta sauka sai ka yi da gaske. Mutum bakwai a ciki, kaya a sama, amma ka shiga gargada kamar kana kan katifa. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa ko a ƙauye ne ta tsaya maka za ka samu mai taɓa ta. Gwamna 504, alƙali 504, DPO 504, mai kai amarya 504. Akori-kurarta kuma ita ta kwashe gyaɗar ƙasar nan da geronta zuwa kasuwa. Wancan lokacin takardar inshora muna ajiye ta ne kawai saboda 'yan sanda da VIO, ban taɓa jin direba ɗaya a tasharmu ya ce an biya shi ba. In hatsari ya faru shugabannin tasha ne ke zama, a yi karo-karo, a je a ba da haƙuri. Ka riƙe motar nan da kyau, kada ka saurari masu cewa ka sayar.

Sadiq_Wudil:
Baba ni ban ce ya sayar da mota ba, tumaki na ce.

Tsohon_Direba:
To na ji, Allah ya yi maka albarka. Idona ne ya fara rauni.

Nura_Ingila:
A nan Ingila inda nake harkar tsofaffin motoci kasuwa ce mai zaman kanta. Motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajista a matsayin ta tarihi, a ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Inshorarta ma sau da yawa ta fi ta sabuwar mota sauƙi, saboda sun san mai ita yana lallaɓa ta. Sharuɗɗan su ne: ka aika hotuna ta kowane ɓangare a amince da ƙima, ka yarda ba za ka wuce tafiya kaza a shekara ba, wasu su ce sai tana kwana a gareji, kuma kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. A Amurka akwai kamfanin Hagerty da ya yi suna a kan wannan. Taka ta 1984 da a nan take ta riga ta cika shekarun.

Abu_Gumel:
@Nura_Ingila wannan can ne. A nan idan ka shiga ofis ka ce motar tarihi gare ka, tsohuwar mota kawai za su gani.

Nura_Ingila:
Na sani. Na kawo ne don ya san irin sharuɗɗan da zai iya miƙa musu da kansa. In ya ce musu ga hotuna, ga rasit, ba ta wuce Ringim da Dutse, tana kwana a kulle, ai ya rage musu fargaba.

Malam_Kafinhausa:
Salamu alaikum. Ana ta lissafin kuɗi, ba wanda ya taɓo hukunci. Inshorar kasuwanci da aka saba, malamai da dama sun hana ta, saboda akwai garari a ciki: ka biya kuɗi ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ko nawa za ka karɓa. Ga kuma juya kuɗin ta hanyar riba, wato kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa ta kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya kuwa ta halatta. Ta dole da hukuma ta tilasta, wannan lalura ce, ka yi ba laifi a kanka. Amma wadda za ka ƙara da zaɓinka, ka nemi takaful. A takaful abin da ka zuba gudummawa ce cikin asusun jama'a, wanda masifa ta faɗa wa a ɗebo a taimaka masa, kamfani kuma ya ɗauki ladan kula da asusun. In shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Tun 1979 aka fara a Sudan, kuma a nan ƙasar akwai Jaiz Takaful da Noor Takaful da wasu.

Sadiq_Wudil:
Allah gafarta Malam, ni dai ban ga bambanci ba sai suna. Can ka biya, nan ka biya.

Malam_Kafinhausa:
Ɗana, ciniki da riba ma daga nesa kama suke yi. Bambancin yana ga wanda ya mallaki asusun da kuma inda ake juya kuɗin. Karo-karon da Baba direba ya ce suna yi a tasha ai shi ne asalin abin, an dai sa masa tsari da rubutu ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai.

Maman_Ilham:
Malam ya yi gaskiya, kuma ita ma inshorar dolen ana samunta ta takaful. Sai dai Ɗan_Taura ya sani, zuwa takaful bai warware maganar ƙima ba. Su ma mai kiyasi za su turo. Tambayar da za ka yi can ita za ka yi nan.

Bakanike_Sani:
Oga ni makanike ne, shekarata 22 a kan Fijo, bari in faɗa maka abin da ke kashe 504 a ƙauye. Ba ɓarawo ba ne. Ɓarawon yanzu Corolla yake nema da Hilux, abin da zai sayar cikin dare ɗaya. Wuta ce ke cin 504. Tiyon fetur da ke zuwa kabureta in ya tsufa sai ya tsage, mai ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi. Sai kuma wayoyi, tunda ka ce ɓera ya shiga. In mai wayarin jone-jone ya yi maka da salatif, to ka koma a sake su gaba ɗaya. Ka canza duk tiyon mai, ka sa makunnin da ke yanke batir, in ka ajiye ta ka kashe. Ka sayi tukunyar kashe gobara ka ɗaure a ƙarƙashin kujera, ba a but ba. Na biyu tsatsa: ka ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka duba mazaunin batir da ƙasan ƙofofi.

Game da inshora kuma, ko sun yarda za su gyara, a ina za su samo kayan? Fitilar gaba ta asali, da gilashin baya, da bamba mai ƙyalli, sai ka zaga Ƙofar Ruwa ka rasa, ka aika Panteka a Kaduna, wani lokaci sai an kwance wata motar. Ka tabbata sun yarda makanikenka ne zai yi aikin, kada su kai ta garejin da yaran ba su taɓa ganin kabureta ba.

Ɗan_Taura84:
Oga Sani wallahi kamar ka gani, jone-jone aka yi mini a wayarin. Ranar Asabar zan mayar da ita.

Dogo_Haɗeja:
Ɗan'uwa tunda a Taura kake, ba wuta ba, ba ɓarawo ba, ruwa nake jiye maka. A ambaliyar 2022 Marsandi 200 ta yayana, wadda ya riƙe tun muna yara, ta kwana uku ruwa har sitiyari. Yana da cikakkiyar inshora, yana biya duk shekara bai taɓa fashi ba. Da muka je sai aka buɗe mana takardar, aka nuna mana wani layi da ke cewa ambaliya ba ta ciki sai in an ƙara kuɗi an sa ta musamman. Ba mu taɓa karantawa ba, wanda ya yi masa kuma bai faɗa masa ba. Laka ta shiga inji, ta shiga giya, kujeru suka ruɓe. Tana nan a bayan gida har yau, yayana ko kallon wajen ba ya son yi. Duk wanda ke bakin kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo da Miga, tambayar farko da zai yi ke nan: ambaliya tana ciki ko ba ta ciki? A nuna maka layin da idonka.

Maman_Ilham:
Allah ya mayar da alheri. Haka ma ɓarnar zanga-zanga da tarzoma, sau da yawa sai an ƙara ta daban.

Abu_Gumel:
Allah ya kiyaye gaba. Ni a ganina daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba ya kai ta gidan wani ɗan'uwa a kan tudu, ya fi kowace takarda.

Barista_Kazaure:
Ku yi haƙuri in mayar da ku baya kaɗan. Ɗan_Taura ya ce "ya bar mana". An raba gado? Motar a rabon wa ta faɗa? Kuma sunan wa ke kan takardunta? In har yanzu sunan marigayi ne, to kafin maganar wace inshora, a fara gyara wannan. Kamfani yana biyan wanda ke da haƙƙi a kan dukiyar ne, kuma ranar biya za a duba suna, lambar shasi da lambar inji. Ka ce an sauke inji, in an canza shi ne gaba ɗaya to lambar da ke takarda ta saɓa da ta jikin mota. Sannan ka kashe miliyan biyu da rabi a kan abin da watakila na magada ne duka. Yau ana zaman lafiya, amma ranar da kuɗi suka fito magana takan canza.

Ɗan_Taura84:
Barista an raba gonaki da gida, amma mota aka ce a bar ta tunda a lokacin ba ta tashi. Mu tara ne, mata biyar. Sunan Baba ne a takardun, shi nake ta sabuntawa. Inji kuwa nata ne na asali, gyara aka yi.

Malam_Kafinhausa:
To ka ga wannan ya fi inshorar gaggawa. Motar ta magada ce har yanzu, har da iyayenku mata in suna raye. Ku zauna, a kira masu sanin mota biyu su yi mata kuɗi yadda take kafin ka gyara, ka biya kowa rabonsa, ko wanda ya so ya yafe maka da bakinsa a gaban shaidu. Kada a ce mata sun yi shiru don haka sun yarda. Kunya ce takan hana su magana.

Barista_Kazaure:
Kuma a rubuta, kowa ya sa hannu, sannan ka yi canjin suna. Da wannan takardar za ka tunkari kowane kamfani.

Ummu_Khalil:
Malam Allah ya saka da alheri da wannan magana. Mu ma haka aka yi da Landuroba ta mahaifinmu, yayanmu ya riƙe, ba wanda ya tambaye mu. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, a ce dai an tambaya.

Aminu_Babura:
Ni tambayata ta dubu 15 ɗin ma, ka tabbata ta gaske ce? Na taɓa ba wani mai yin takardu kuɗi, ya kawo mini takarda mai kyau da hatimi. Sai da aka tare ni a hanya aka duba a waya, babu motata a rumbun bayanan inshora ko kaɗan. Tun Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara matsa wa kan inshorar dole ake ta kama irin wannan. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar mota, ko ka shiga shafin NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, zai nuna maka ko tana ciki da sunan kamfanin.

Ɗan_Taura84:
Na duba yanzu, alhamdu lillah tana ciki.

Sadiq_Wudil:
Nima na duba tawa, babu. Inna lillahi. Kuma dubu 15 cif na bayar.

Abu_Gumel:
Ka koma wajen wanda ya yi maka da takardar a hannu. Nan gaba ka biya kamfani kai tsaye, ko dillalin inshora mai rajista.

Maman_Ilham:
Wani abu da na manta. Ka ce tana zuwa ɗaurin aure. In kai ne ka ɗauki 'yan uwa ko ka kai amaryar gidanku, babu komai. Amma ranar da wani ya ba ka kuɗi don a ɗauki amarya da ita, ko masu shirya fim suka yi hayarta, ta tashi daga motar gida ta koma ta haya, kuma in abu ya faru a ranar za su iya ƙin biya. Haka in ka ba yaron da ba shi da lasin. Sannan ka tambayi nawa ne kason da kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna kafin su sa hannu, don in ƙaramin karce ne daga aljihunka zai fita.

Tsohon_Direba:
Kada ma ya ba kowa mukulli. Yaran yanzu ba su san a taka kuloci a hankali ba.

Ɗan_Taura84:
Salam, na dawo da bayani. Jiya na shiga Kano na je wurare uku. Na farko suna jin 1984 suka ce ta dole kawai za su iya yi mini. Na biyu suka ce za su yi gobara da sata, amma a farashin kasuwa, kuma da na tambayi nawa suke ganin kasuwar, abin da suka faɗa bai kai kuɗin fenti da kujeru ba. Na uku na takaful ne, wata baiwar Allah ta saurare ni sosai, na nuna mata hotuna da rasit kamar yadda Nura ya ce. Ta ce ba ta da ikon amincewa da ƙima ita kaɗai, sai injiniyansu ya ga motar sannan ta tura babban ofis, kuma sai takardu sun koma sunana. Na tambayi ambaliya, ta ce ana iya ƙarawa da ƙarin kuɗi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce in mota ta lalace gaba ɗaya suka biya, gawar motar tasu ce. Ni kuwa ko ƙonewa ta yi ba zan iya kallo a ɗauke ta a kai wa 'yan gwangwan ba. A kujerar nan Baba yake zaunar da ni ya kai ni makaranta.

Maman_Ilham:
Haka ƙa'idar take, amma ana sasantawa. Ka nemi a rubuta cewa kana da zaɓin riƙe gawar, su cire kuɗinta daga abin da za su ba ka. Tun yanzu za ka nema, ba bayan abu ya faru ba.

Sadiq_Wudil:
Kun gani ko? Shi ba kuɗi yake so ba, motar yake so, kuma ba kamfanin da ke da wata 504 ta Baba a ajiye. Ni har yanzu ina kan ra'ayina: ta dole, sai rumfa mai ƙofa da kwaɗo, sai gyaran Oga Sani.

Dogo_Haɗeja:
Yayana ma rumfa gare shi da kwaɗo, Sadiq. Da an biya shi ko rabi ne, da yanzu an sauke injin an wanke, ta tashi. Rashin kuɗin gyara ne ya kashe ta, ba ruwan kaɗai ba.

Bakanike_Sani:
@Dogo_Haɗeja in ba a yi ƙoƙarin tayar da ita da ruwa a ciki ba, injin Marsandin nan zai iya dawowa. Turo mini hotonta ta akwatin saƙo in gani.

Ɗan_Taura84:
Na yi magana da Yaya babba da daddare, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za a tara kowa a ɗakin Inna, har da waɗanda ke aure a Gumel da Dutse. Barista, in an yi takardar, sa hannun mai unguwa da liman ya isa, ko sai mun je kotu an buga hatimi? Kuma masu yi mata kuɗi, tunda yanzu an riga an gyara, da hotunan da na ɗauka tana gindin darbejiya za su yi aiki, ko yaya ake yi?